Sirinji Ɗaya, Hannu Biyar

Ɗan Aboabo:
Jiya bayan la'asar, abin da na gani
A kangon bakin kwata, unguwar Aboabo ta Kumasi, ya dame ni:
Samari biyar, sirinji ɗaya, duk da jini,
Wannan ya zare, ya miƙa wa wani,
Ya share bakinta a riga, wai ya yi magani.
Ɗayansu allo muka yi tare, ya gane ni,
Ya sunkuyar da kai. 'Yan'uwa, ku amsa mini.

Direban Pragya:
Yaya, cutar ƙanjamau ta 'yan allura ce, ba tawa ba,
Ni Tramol nake haɗiya, ban taɓa huda fata ba,
Asawase zuwa kasuwar Kejetia sau goma a pragya, keke mai ƙafa uku, ba zan gaji ba,
Ƙwaya da ruwan leda, ƙanjamau bai san gidana ba.

Goggo Nas:
Ɗana, ƙwayar ba ta ɗauke da cutar, na yarda da maganarka,
Amma in ta hau kai, wa ke riƙe da linzaminka?
Daren da ka ɗora ta kan giya, ka tuna makwancinka?
Kwaroron roba yana aljihu, ko ka baro shi a ɗakinka?
Cutar ta jini take bi, ta kwanciya, ba ta kwanon tuwonka,
Ba sauro, ba musabaha, bar gudun ɗan'uwanka.
Kai kuma mai share allura, wa ya ruɗe ka?
Jinin na cikin sirinji, yana makonni yana jiranka,
Ga ciwon hanta biye da shi, ya ci hantarka.

Baba Mai Goro:
Ni dai na ce wanda ya shuka ƙaya
Kada ya yi kuka in ta soke shi a tafiya.
Tun 1986 cutar take Ghana, wa'azi har ya gundiri duniya,
A kwashe su a kulle, Zango ya kwana lafiya.

Wanda Ya Dawo:
Baba, a gafarce ni, na yi zaman kangon da ake nunawa,
Shekara huɗu ina laluben jijiya har ta daina fitowa.
In jiki ya ɗau rawa, hanci na zuba, ciki na murɗawa,
Ba ka tambayar allurar wa ce, hannu kawai kake miƙawa.
An kulle ni sau biyu, ran fita can nake zarcewa,
Ko dokar 2020 tara ta sa wa mai sha, a madadin ɗaurewa.
Ran da gwaji ya nuna, na kwana uku ruwa ba ya wucewa.
Yau ƙwaya ɗaya kullum, kyauta gwamnati ke bayarwa,
Ta danne cutar a jini har gwaji ba ya ganowa.
Matata ba ta ɗauka ba, 'yarmu ma, jiya ta fara tsayuwa.

Baba Mai Goro:
Allah ya raya ta. Na ji, amma ban gama saukowa ba.

Goggo Nas:
Wannan ba waƙa ba ce, a riƙe: wanda ya soki kansa da allurar wani, ko ya kwanta babu kariya, ya je asibiti kafin awa 72, akwai maganin rigakafi na kwana 28. In gwajin farko ya fito lafiya, a maimaita bayan wata uku.

Direban Pragya:
Goggo, kin taɓo wani dare, gabana ya faɗi,
Gobe ƙarfe takwas zan je gwaji, amma Inna kada ta ji ko a taɗi.

Ɗan Aboabo:
Ka biyo ta bakin kwata, ni zan biya kuɗin mai,
Abokin allona ya ce zai shiga, in an sauke labule kawai.