Asfirin ɗina ya ba ni kashi 111 cikin ɗari, kuma jibi ake karɓar rahoto

Hauwa: Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka. Ina aji biyu a sashen kimiyyar sinadarai. Abokin aikina a lab bai taɓa zuwa kan lokaci ba, ranar ma sai da na gama awo ya shigo, kuma shi ya fasa mana kwalba makon jiya aka rubuta sunana. To, mun samar da asfirin daga giram 2 na asid ɗin salisilik. A lissafi bai kamata ya wuce giram 2.61 ba, ni kuwa 2.9 na samu, wato kashi 111 cikin ɗari na abin da lissafi ya nuna. Ya fara narkewa a digiri 122 maimakon wajen 135. Da na ɗiga ferik kulorid, sinadarin da ake gwada tsabtar asfirin da shi, sai ya koma shunayya. Shi abokin nawa cewa yake mu rubuta kashi 78 kawai. Me zan yi?

Yaya Sani: Ƙanwata, ruwa kika auna. Babu yadda za a yi ki wuce ɗari sai in garin bai bushe ba. Minti nawa kika bar shi a kan matatar?

Hauwa: Yaya, yadda littafin ya ce na bi. A ido a bushe yake.

Yaya Sani: Ido ba ma'auni ba ne. Busar, ki auna, ki ƙara busarwa, sai nauyin ya daina sauka. Shekara uku ina taimaka wa ɗalibai a wannan gwajin.

Binta: Ruwa ba ya kawo shunayya ai. Launin nan yana nufin akwai sauran salisilik da bai juye ya zama asfirin ba. Wataƙila asetik anhaidiraid ɗinku, wanda ake zuba wa salisilik don ya zama asfirin, ya sha iska ya koma asid ɗin asetik. Mu a shekararmu murfin kwalbar ma ba ya rufuwa, mai kula da lab ɗin ya ce mu ne ba mu iya ba. Har yau abin na ci min rai.

Auwal: Rubuta 78 ɗin ki huta. Wa zai duba?

Yaya Sani: Malam zai duba littafin lab ɗinta, kai kuma kana gida. Ta rubuta 111, ta bayyana dalili. Binta, ɗigon salisilik kaɗan ma yana ba da launi, ruwan ne babbar matsala.

Binta: Ni dai ta narkar da shi a itanol mai ɗumi ta sake fitar da ƙwayoyin, sannan ta sake gwadawa.

Hauwa: An rufe lab sai Litinin. Kuma ni na tabbata na busar, sai dai in shi ne ya taɓa ma'aunin.

Yaya Sani: Har yanzu ba ki faɗi minti nawa ba.