Yawon Damagaram da kare: ina zan fara?

Baƙo daga Maraɗi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Aiki ya kawo ni Damagaram, wata biyu ke nan. Ran Lahadi ina son in taka da ƙafa in ga wuraren tarihi, amma ina da kare da ya saba bina. Ina zan fara?

Tsohon malamin lakwal: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da Birni, amma ka bar karen gida. Tsohuwar unguwa ce mai fadar Sarki, ga masallaci daf da fadar, bai dace ka je da shi ba. Ka yi wa dogarai sallama, ka nemi izini. In ka fito ka bi lunguna a hankali, ka ɗaga kai ka ga zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, ka nemi ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun. Daga kan duwatsu za ka hango barikin da Faransawa suka sa wa sunan Kazamaju, kyaftin ɗinsu da aka kashe nan a 1898, zamanin Amadu Kuran Daga. Wurin soja ne, kada ka ɗauki hoto. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, yaranmu da yawa ba su sani ba, abin yana min ciwo.

'Yar Zango: Gaskiyar Baba. Ko unguwarmu ka shigo da shi, yara za su bi shi da jifa.

Mafarauci: Ƙanena, ranar kare daban. Kama hanyar Mirya bayan sallar asuba, kilomita 18 ce, ba dole ka kai ba. Hantsi na yi, ka ɗora tafin hannunka kan dutse. In bai zaunu ba don zafi, ku juyo. Bara karena ya dawo yana ɗingishi, da na buɗe tsakanin yatsunsa ƙarangiya ce cunkus, sai da na yi ta cira ɗaya-ɗaya yana kuka. Riƙe bido na ruwa, kuma kada ka bar shi ya cusa hanci cikin kogon dutse, akwai kunama.

Baƙo daga Maraɗi: Na gode, Yaya. In sake shi ko in riƙe?

Mafarauci: Ka ga garken awaki ko lambu, sa masa igiya. An yi masa allurar haukan kare?

Baƙo daga Maraɗi: An yi, takardar tana hannuna.