Kulocin Golf ɗina yana zamewa, ku ba ni shawara kafin in sauke giyabos

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara a kan Golf 3 ɗina, ƙirar 1996, inji 1.8, mai giyar hannu. Sati biyu ke nan, in na taka totur a giya ta huɗu sai injin ya yi ta ihu, motar kuma ba ta ƙara gudu. Jiya da yamma na hau doguwar gadar Sabon Gari da iyali a ciki, wallahi da ƙyar ta kai sama, ga wani ƙauri kamar ana ƙona tsumma. Kuma kulocin ba ya kamawa sai na kusa ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Yaron garejin unguwarmu ya ce filet, wato faifan kuloci mai fata, kawai zan saya a sa. Haka ne, ko da sauran magana?

Malam na Gwammaja: Wa alaikumus salam. Allah ya rufa asiri. Kafin ka kashe ko sisi, gwada wannan gobe da safe: ka samu fili inda babu mutane a gabanka, ka ja hambirki sosai, ka sa giya ta uku, ka ɗan taka totur kana sakin kuloci a hankali. In injin ya mutu nan take, da sauransa. In kuwa ka saki ƙafa gaba ɗaya yana ta aiki abinsa, to ya cinye. Sau ɗaya ya isa, kada ka yi ta maimaitawa ka ƙarasa shi.

Baban Khalifa: Malam ai ban iya jira gobe ba, yanzu na fita na gwada a filin makaranta. Bai mutu ba sai da ya ɗan jima.

Oga na Kwakwaci: To Alhaji, magana ta fito. Amma bari in tambaye ka abu biyu. Na farko, an taɓa wayar kulocin kwanan nan? Golf 3 mai 1.8 da waya take aiki, kuma wayar irin mai daidaita kanta ce. In ta maƙale takan riƙe kuloci a ɗan take, sai ya riƙa zamewa alhali filet ɗin bai mutu ba. A sa hannu a ɗaga hannun da ke kan giyabos a gani ko yana da ɗan wasa. Na biyu, ka duba inda kake ajiye motar da dare. Akwai ɗigon mai daidai mahaɗar inji da giyabos?

Baban Khalifa: Waya ba a taɓa ba. Ɗigo kuwa akwai, ya fi wata uku. Na ɗauka ba komai ba ne tunda ba shi da yawa.

Oga na Kwakwaci: Nan ne gizo ke saƙar. Dangwala yatsa ka sunsuna. Baƙin man inji ka san shi, man giya kuwa yana da wani wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Dalilin tambayata shi ne, kulocin wannan motar ba kamar na Toyota ko Fijo ba ne, a juye yake. Dis ɗin, wato mai matsewar, shi ake ɗaurewa a jikin karanshaf da noti 6, sannan fulawil, wato babban faifan ƙarfen da filet ke mannewa a jikinsa, ya zo ya rufe a kai da ƙananan noti 9. Rilis boris ɗin ma, wato boris ɗin da ke sa kuloci ya saki in ka taka, ba ya wurin kuloci, yana can ƙarshen giyabos ta ɓangaren taya, ƙarƙashin wani koren murfi. Daga nan wani siririn ƙarfe ne yake bi ta tsakiyar shaf ya je ya tura kuloci. A bakin ƙarfen nan akwai wani ɗan oyilsil da bai fi zoben yatsa ba. In ya tsufa, man giya ya riƙa bin ƙarfen yana zuba a kan filet kai tsaye. Ka sa sabon filet ka bar wannan sil ɗin, bayan 'yan watanni za ka dawo da ciwon nan dai. Na ga haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Maman Hanif: Oga ya faɗi gaskiya. Ni Corolla ce da ni, amma abin da ya same ni ke nan bara. Wani gareji suka sa mini filet kaɗai don in rage kashe kuɗi, ba su gaya mini sil ɗin bayan inji yana yoyo ba. Kafin babbar salla motar ta koma gidan jiya, na sake biyan kuɗin sauke giyabos daga farko. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin kuɗin aikin ne babba. Yaya, ka daure ka yi shi gaba ɗaya.

Direban Wudil: Ni fa ina da ja a nan. Ba kowa ke da kuɗin sabon saiti ba a wannan yanayin. Mu da muke lodi kullum, Beljiyam muke sawa. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka samu wanda aka ciro daga motar Turai, na asali ne, wani ma ya fi sabon kwalin da ake kawowa yanzu ƙarko. Nawa na yanzu shekara guda ke nan, kullum Kano zuwa Wudil, bai ce uffan ba.

Oga na Kwakwaci: Ɗan'uwa ban ƙi taka ba. Dis na Beljiyam in mai kyau ne ina sawa, kuma na fi yarda da shi a kan jabun sabo. Amma kai direba ne, ka san abin da kake dubawa. Filet kuwa abu ne mai cinyewa kamar takalmin birki, wanda ka saya ɗin wani ya riga ya ci rabinsa. In dole sai shi, a duba kaurin fatar: ƙusoshin da suka riƙe ta su kasance a nutse can ciki, ba daf da sama ba. A girgiza shi a kunne, in sifirin ɗin tsakiya suna kwaram-kwaram a ajiye. Wanda aka sake wa fata a nan gida aka fesa masa fenti, shi kam ba na ba kowa shawararsa.

Malam na Gwammaja: In sabo za ka saya, sunayen da aka sani a motocin Jamus su ne LuK da Sachs da Valeo. Na Japan kuma Exedy da Aisin. Matsalar ita ce kwalin kowa yana iya bugawa. Ka je wurin mai shagon da zai ce maka ga na ɗaya ga na biyu da bakinsa, ya kuma yarda ka dawo da shi in bai yi ba. A Sabon Gari da Ƙofar Ruwa duk akwai masu amana, akwai kuma akasin haka. Ka zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Oga na Kwakwaci: Kuma kada ka saya sai an sauke. Ka ɗauki tsohon a hannunka ka tafi da shi. Filet ɗin Golf ba girma ɗaya ba ne, akwai mai milimita 200 akwai mai 210, haƙoran tsakiya ma akwai 24 akwai 28. Motocinmu kuwa yawanci an taɓa canza musu inji ko giyabos, don haka shekarar mota ba ta isa shaida ba. Ka ɗora sabon a kan tsohon, ka ƙirga haƙoran da kanka, in ka dawo a zura shi a shaf ɗin giyabos a ga ya shiga sumul kafin a ɗaura komai.

Abin da zan so ka haɗa: dis, filet, rilis boris, ɗan sil ɗin ƙarfen nan da na shaf ɗin da yake ciki, sil ɗin bayan inji, da man giya 75W-90 kamar lita 2. Notin nan 6 na karanshaf asali sau ɗaya ake ɗaure su, in ka samu sababbi ka saya. Fulawil kuma ka sa a nuna maka fuskarsa a rana. In ka ga shuɗi-shuɗin ƙuna ko ƙananan tsaga, ko ka shafa ka ji kwari, kada a mayar da shi haka, don motar za ta riƙa karkarwa in za ka tashi.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Na sunsuna, man giya ne babu tantama. Zan iya lallaɓawa da ita zuwa ƙarshen wata?

Maman Hanif: Kai yara makaranta a cikin unguwa, wataƙila. Amma ka guji gadoji da cunkoson Kantin Kwari da Singa.

Direban Wudil: Kuma ka cire ƙafarka daga kan kuloci in kana tafiya. A danja ka sa furi ka taka birki. Mutanenmu da yawa a kan gada da rabin kuloci suke riƙe mota, shi ne yake ƙona shi. Ja hambirki, in layi ya motsa ka sauke.

Oga na Kwakwaci: Ni dai da za ka ji tawa, ajiye ta. Duk zamewar da take yi zafi take tara wa fulawil, kuma shi ne zai ƙara maka kuɗi. Aikin yini ɗaya ne in kaya sun cika. Ka tsaya a wurin lokacin haɗawa, ka ga an wanke man da ya ɓata ciki tas, an saita filet a tsakiya, kuma ba a cika giris a haƙoran shaf ba, shafawa kaɗan ake yi. Bayan an gama, sati biyun farko ban da lodi mai nauyi, ban da fizga.

Baban Khalifa: Shi ke nan, na ajiye ta, Adaidaita zan riƙa hawa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za a sauke, in ɗauki tsohon in shiga Ƙofar Ruwa. Malam, in kana da sarari ka raka ni, don ban san na ɗaya da na biyu ba.

Malam na Gwammaja: Ba damuwa. Kira ni in an sauke, mu haɗu bayan azahar. Ka zo da tsohon rilis boris ɗin da sil ɗin ma a leda.