Kwanon ruwa ya ishi hawainiya?

Baban Khalifa (Kawo): Salamu alaikum 'yan uwa. Ni fa ban yarda da feshin ruwan da kuke yi wa hawainiyar da kuke kiwo a keji safe da yamma ba. Duk dabbar da ƙishirwa ta kama za ta nemi ruwa da kanta. A ajiye mata kwano a ƙasan keji, shi ke nan. A daji wa ke bin ta da kwalba?

Maman Ummi (Malali): Wa alaikumus salam. Yaya, a dajin ma ba kwano take samu ba. Raɓa take lasa a kan ganye da asuba, sai ɗigon ruwan sama da damina. Zamanta a kan reshe yake. Ruwan da ke kwance shiru yawancinsu ba sa kula shi, sai sun ga ɗigo yana gangarowa yana ƙyalli.

Malam Idi (Rigasa): Mu dai tun muna yara ake ce mana iska take sha. Tawa ban taɓa ganin ta kai baki ga ruwa ba, kuma ga ta da ranta.

Maman Ummi: Malam, don Allah kada mu jingina ran dabba da wannan magana. Tsoro gare ta, in kana tsaye a kanta da wuya ta sha. Fara da gyaren da take ci suna da ɗan ruwa a jiki, shi ke riƙe ta na wani lokaci, amma bai isa ba.

Usman (Barnawa): Malam Idi, duba kashinta gobe da safe. Za ka ga ɓangare mai duhu, a gefensa kuma wani abu mai laushi wanda shi ne a madadin fitsarinta. In fari ne, ruwa na isar ta. In ya koma launin ruwan goro ya ƙanƙame, ƙishirwa ta daɗe tana cin ta. Daga nan sai idanu su faɗa, ta rage cin abinci, a ƙarshe ƙoda ta taɓu. Abin da ke damuna shi ne ba ta kuka, sai ta galabaita mai ita ke lura.

Baban Khalifa: To ni ruwan kwanona kullum raguwa yake. Sannan irin wadda ake kawowa mai doguwar hula, ba daga Yaman da Saudiyya take ba? Wane feshi ake yi a can? Kuma a watan Agusta na ga kejin wani da feshi ya sa ya yi funfuna.

Usman: Ruwan kwano kam, Yaya, a hunturun nan ko ba mai sha zai ragu. Ta Yaman kuma a gangaren duwatsu da kwaruruka masu bishiyoyi take, inda ake samun ruwan sama da raɓa. Amma batun funfuna kana da gaskiya. Keji mai laima dare da rana yana jawo mata ciwon numfashi. Shi ya sa ake son keji na raga, ganye ya bushe kafin a sake feshi. Da damina a rage. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, da iska ke shanye komai nan take, a fesa ruwa mai ɗan ɗumi a kan ganye, ba a fuskarta ba, minti 2 zuwa 3, don ba ta fara sha da wuri. A huda gorar ruwa da allura a ɗora saman keji, ta riƙa ɗiga a kan ganye da rana.

Malam Idi: Na tashi na duba yanzu. Launin goro ne. In ɗura mata da sirinji?

Maman Ummi: Kada ka soma, Malam! Ƙofar numfashinta na cikin baki kusa da tushen harshe, ruwan zai iya wucewa huhu. Ka fesa ganyen ka ja da baya ta sha da kanta. In idanun sun riga sun faɗa, kai ta wurin likitan dabbobi yau.

Baban Khalifa: Gorar zan rataya, amma kwanona na nan daram.

Maman Ummi: In ka bar shi, a wanke kullum, don kashi da matattun ƙwari na faɗawa ciki. Malam Idi, kwalbar feshin sabuwa za ka saya irin ta masu aski, ban da wadda ta taɓa ɗaukar maganin sauro.