Ƙara da zafi a cikin ƙaramin jirgi: wa ya taɓa wannan aikin?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ni makanike ne, ina kula da wani ƙaramin jirgin sama, Cessna 206 mai kujeru 6, da ke ɗaukar ma'aikata daga nan Damagaram zuwa Diffa da Agadas. Fasinjoji sun ishi maigida da ƙorafi: ba ka jin maganar na kusa da kai, kuma in jirgin ya wuni a rana cikinsa kamar tanda. Ya ba ni mako biyu in zaɓa, ko mu kwance cikin mu shimfiɗa soson jirgi mai tare ƙara da zafi, ko mu sayo abin kunne mai kashe ƙara. Damuwata nauyi. A Afrilu da Mayu, in zafi ya haura 40, da ƙyar yake barin ƙasa da cikakken lodi. Wanda ya taɓa yi, kilo nawa ya ƙaru masa?

Mai Kamyo: Wa alaikumus salam. Kada ka wahal da kanka. Ni soson katifa na saya a kasuwar Dole, jika 15 har da gam, na liƙe kan kamyona. Yanzu har Tanut ina jin rediyo.

Na Zango: Auduga a kunne, dala biyar. A turo mini canjin.

Baba Tsoho: Ɗana, wannan shawarar ta Mai Kamyo ita ta raba ni da aikina. Na yi shekara 11 ina kula da wani ƙaramin jirgi. Maigidana ya ce soson waje ya yi tsada, in je kasuwa. Na ce ranka ya daɗe ba shi da takarda, ya ce wa zai leƙa bayan bango? Na liƙa, na rufe. Damina ta zo, ruwa yana shiga ta robar ƙofa da ta riga ta bushe, soso yana sha yana riƙewa, ba mu sani ba. Ranar dubawar shekara mai duba ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga alminiyam ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Ya yanki ɗan soson ya kai mu bayan fili ya ƙyasta masa ashana. Baƙin hayaƙin da ya tashi har yau ina jin warinsa. Ya ce a sama ina za ku gudu? Ba a sake auna jirgin ba, ba a rubuta komai a littafinsa ba. Wata 4 yana ajiye. Da aka tambayi maigida, ya rantse bai san zancen ba. Yau janareto nake gyarawa a Sabon Gari.

Mai Kamyo: Subhanallahi. Baba, ni fa kamyo na ce.

Ɗan Birni: Allah ya saka maka Baba. Amma ni na gasken nake nufi, mai takardar gwajin wuta.

Alhajin Magariya: Na gasken wani ya kawo mana daga Faransa wajen jika 900.

Ƙanin Piloti: Alhaji an sha ka. Yayana ya ce bai kai jika 400 ba.

Alhajin Magariya: Yaro, yayanka ya biya kuɗin ɗauko da na fito? Ko a jakar matarsa ya zo?

Injiniya: Ku bar gardamar kuɗi, ba a ma tsaya kan ciwon ba. Na yi karatun gyaran jirgi a Zariya. Ƙarar cikin irin wannan jirgin tana kai wajen desibel 90, alhali 85 na awa 8 ma tana cin kunne a hankali. Babbanta kuwa ƙugin farfela ne da salansa. Farfela mai fiffike 3 da ke juyi 2400 a minti tana dukan iska sau 120 a daƙiƙa. Irin wannan ƙugi mai kauri soso marar nauyi ba ya tare shi, sai abu mai nauyi, kuma nauyin ne ba ka so. Soso zai rage maka zafi da siririyar ƙara kawai. Abin kunne mai batir shi ne gwanin kashe ƙugi. Ka fara da canza robar ƙofofi da tagogi. In za ka shimfiɗa wani abu, kada ya kusanci igiyoyin ƙarfen da ke jan wutsiya da fukafukai, a sake auna jirgin, mai izini ya sa hannu.

Baba Tsoho: Duk abin da ka faɗa daidai ne, amma mai takarda irinka ne ya tsaya yana kallo ina liƙawa, bai ce uffan ba. Ranar wanka kuma ya ɓuya.

Injiniya: Baba, laifin wani ba zai hana a ji gaskiya ba.

Ƙanin Piloti: Abin kunne mai batir na Bose A20, ɗaya ya taɓa haura jika 600. Sau 6 fa?

Alhajin Magariya: Piloti kaɗai za a saya wa. Fasinja a ba shi na roba.

Na Zango: To ai mun dawo kan audugata.

Hajiya Mai Shara: Ku gafarce ni, duk kuna maganar na ciki. Mijina ya yi shekaru yana ɗora kaya a jirgi inji na aiki, ko na robar ba a taɓa ba shi ba. Yanzu sai na dafa shi yake sanin ana kiran salla. Da ya nemi kuɗin magani aka ce tsufa ne.

Baba Tsoho: Haka suke, Hajiya. Umarni da baki, musu da rantsuwa. Ɗan Birni, ko me ka zaɓa, maigida ya rubuta maka da hannunsa.

Mai Kamyo: Mu ma direbobi haka. A ce ka ƙara lodi, in an kama ka a hanya a kashe waya. Bara a hanyar Gure kwana biyu na yi.

Alhajin Magariya: Ba duka iyayen gida ba dai. Wasu yaran ma su ke sayar da kayan aikin.

Hajiya Mai Shara: Alhaji, a ba shi tukuna kafin a ce ya sayar.

Ɗan Birni: Jama'a, har yanzu ba wanda ya gaya mini kilo nawa. Saura kwana 9.

Na Zango: Baba Tsoho, janaretona yana hayaƙi, wane layi kake a Sabon Gari?