Dawa a Hausa hatsi ce, a Suwahili magani: asalinsu ɗaya ne?

Ɗalibar Harshe: Assalamu alaikum malamai. A Suwahili "dawa" magani ce, "gari" mota, "duka" kuma kanti. Rubutun bai bambanta da namu ba ko da harafi ɗaya. Aro ne tsakaninmu, ko dacewa ce kawai? Ta yaya ake tantancewa?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam, Malama. Dacewa ce. Dawar Suwahili daga Larabci ta fito, dawa'u, wato magani, babu ruwanta da dawar tuwo. Gari kuwa daga harsunan Indiya ta shigo musu ta hanyar cinikin gaɓar teku. Harsunan ma ba dangi ba ne: Hausa 'yar dangin harsunan Cadi ce, Suwahili 'yar dangin harsunan Bantu.

Lissafi ne ke jawo hakan. Baƙi 20 da wasali 5 suna ba da gaɓa 100, kalma mai gaɓa biyu kuma 10,000 kacal. Harsuna da yawa a wannan ɗan rumbun suke ɗiba, dole a yi karo. Shi ya sa "rana" take nufin kwaɗo a Sifaniyanci da Italiyanci, rauni a harshen Poland.

Tafinta: Ƙari kan bayanin Malam: boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Garin Kano wasalinsa na farko gajere ne, garin masara dogo. To wanne za ki gwada da na Suwahili? Ki fara duba ƙamus mai alamomin, kamar na Bargery na 1934 ko na Newman na 2007. Haka kuma in za ki ba manhajar fassara aiki, ki zaɓa mata harshen da kanki, domin kalma guda ba ta isa ta gane shi ba.

Malamin Nahawu: Alamar asali ɗaya ita ce sauyin sauti mai maimaituwa tare da ma'ana makusanciya. Harafin ɗa'un Larabci yakan zama ɗ a wajenmu, t a wajensu: haɗari da hatari, sharaɗi da sharti, Shaiɗan da shetani. Rubutun ya saɓa, amma tushen ɗaya ne. Ki nemi aƙalla misali uku masu bin ƙa'ida ɗaya kafin ki ce akwai alaƙa.

Ɗalibar Harshe: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. "Sama" ta Indunusiya fa?

Tafinta: Tasu daga Sanskirit take, wato tsohon harshen Indiya, ma'anarta daidai ko iri ɗaya. Tamu daga Larabci, sama'u.