Wanda na koya wa aiki ya fi ni albashi, in yi magana?

Mai Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, barci ya ƙaurace min. Ni akanta ce. Mahaifina ne ya tsaya kai da fata sai da na yi digiri, lokacin da 'yan uwansa ke cewa asarar kuɗi yake yi. Ni na zo ta ɗaya a ajinmu, da tsohon ciki na rubuta jarrabawar ƙwarewa. Yanzu na gano wani da aka ɗauka bayana, ni na koya masa aikin, ya fi ni albashi. Abin da ya fi ci min rai, 'yata ta ji maganar ta ce to mene ne amfanin kwana karatu? Ina tsoron in buɗe baki a ce na zama 'yar rajin mata.

Anti Babba: Ƙanwata, in an ce haka sai me? Da matan da suka yi rajin a baya sun yi shiru da ba ki ga ofis ba. Tun 1951 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince cewa aiki mai daraja ɗaya albashi ɗaya ne, mace ko namiji. A ƙasar Aisland mata sun ajiye aiki na yini guda a 1975, shekara ta gaba aka yi dokar daidaito. Gobe ki rubuta takarda.

Uwar Biyu: Anti, takarda ce ta jawo min. Na dawo hutun haihuwa na tarar da wani a kujerata, na yi ƙorafi, tun daga nan ba a sake ƙara min girma ba. Ki lallaɓa ki nemi wani wurin a ɓoye.

Wani Ɗan'uwa: Hajiya, ta yaya kika san albashinsa? Kin taɓa neman ƙari?

Mai Tambaya: Malam, ba wannan na tambaya ba. Aikina ya isa ya yi magana, ban saba roƙo ba.

Anti Babba: Haƙƙi ba roƙo ba ne! Claudia Goldin, masaniyar tattalin arziki wadda ta samu kyautar Nobel a 2023, ta nuna tazarar albashi tsakanin maza da mata na buɗewa ne bayan haihuwar fari. Shirunki 'yarki ke kallo.

Mai Tambaya: Anti, kar ki ɗora min laifi. Ina da yara, aikin nan ba abin wasa ba ne. Uwar Biyu, bayan ƙorafin sun ba ki amsa a rubuce?